Laburaren Peterborough: Daga Kusurwar Kanti Zuwa Bakin Kogi

Wanda ya saba da hunturunmu na hazo da busasshiyar iska sai ya ajiye wannan sani a gefe in zai fahimci hunturun jihar New Hampshire da ke arewa maso gabashin Amurka. A can, daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara ce ke lulluɓe rufin gidaje da gonaki da hanyoyi, komai ya yi fari fat. A tsakiyar Disamba rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Gona ta daskare, garma na rataye, dare kuma ga shi da tsawo. A irin wannan ƙasa garin Peterborough yake, inda kogin Nubanusit ya haɗu da na Contoocook, ana hango dutsen Monadnock daga nesa. Ko a ƙidayar 2020 mutanensa ba su kai dubu bakwai ba. Amma wannan ɗan garin ne ake ambata in ana maganar mafarin laburare na kyauta wanda jama'a ke ɗaukar nauyinsa da kuɗin haraji.

Kafin kafa shi a 1833 akwai ɗakunan karatu a yankin, sai dai galibinsu na 'yan ƙungiya ne. Sai ka sayi hannun jari ko ka biya kuɗin shekara kafin a ba ka aron littafi. Mai hali ya karanta, ɗan ƙodago da yarinyar da ke aiki a masaƙar auduga su yi ta kallo daga waje.

Mutumin da abin ya tsaya wa a rai shi ne Rabaran Abiel Abbot, limamin cocin Unitarian na garin. An haife shi a 1765, ya yi karatu a Harvard, ya zo Peterborough a 1827 yana da shekara sittin da 'yan kai, shekarun da wasu ke neman inda za su huta. Ya fara da tara littattafai don yara, ya kuma shiga harkar laburaren biyan kuɗi, har ya gane cewa muddin akwai kuɗi a bakin ƙofa, waɗanda suka fi buƙatar littafi ba za su shigo ba.

Kuɗin da aka fara da su ma suna da nasu labarin. Gwamnatin jihar ta so ta mai da Kwalejin Dartmouth jami'ar jiha, Kotun Ƙolin Amurka ta taka mata birki a 1819. Sai jihar ta ɗora haraji a kan jarin bankuna a 1821, da niyyar tara abin da za ta gina jami'arta. Jami'ar ba ta samu ba a lokacin, don haka a 1828 aka yanke a riƙa raba kuɗin ga garuruwa, su kashe a makarantu ko wasu hidimomin ilimi. Waɗannan kalmomi na ƙarshe su ne ƙofar da Abbot da abokansa suka bi. Ranar 9 ga Afrilu, 1833, a taron gari, inda magidanta ke haɗuwa su yanke yadda za a kashe kuɗin jama'a, aka amince a ware wani kaso a sayi littattafai, mallakar gari, kowa ya ara ba tare da biyan ko kwabo ba.

Littattafai kusan 100 aka fara da su. Ba gini, ba ma'aikaci na musamman. Aka jera su a kantin Smith da Thompson, inda gidan wayan garin yake, kuma mai kula da wasiƙu shi ne mai kula da littattafai har zuwa 1854. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau a duk tarihin, ko da rashin kuɗi ne ya haife ta. A tsakiyar hunturu manomi ba zai ɗaura wa doki keken da ke sulɓi a kan ƙanƙara ya yi tafiyar mil uku don littafi kaɗai ba. Amma dole ya zo sayen gishiri da sukari, dole ya duba ko wasiƙa ta iso. Yana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmansa, yana ɗumama hannu a jikin murhu, ga littattafai nan dab da shi. Ya cusa guda a aljihun kwat, ya koma gida, a karanta wa iyali a hasken kyandir.

Akwai garuruwan da ke jayayya a kan wa ya riga wa. Franklin ta jihar Massachusetts na da littattafan da Benjamin Franklin ya ba ta kyauta, ana aronsu tun 1790. Salisbury ta Connecticut ta tallafa wa laburaren yara da kuɗin gari a 1810. Abin da ya bambanta Peterborough shi ne gari ne da kansa ya kafa, don babba da yaro, kuma bai taɓa yankewa ba. A 1849 New Hampshire ta zama jiha ta farko da ta yi dokar bai wa duk garuruwanta izinin karɓar haraji don laburare. Ingila ta yi tata dokar a 1850, babban laburaren Boston kuwa sai 1854 ya buɗe ƙofa.

Girman ya zo a hankali. A 1873 littattafan suka koma zauren gari. Sai a 1893, shekara sittin cif bayan kafuwa, laburaren ya samu ginin kansa na jan bulo a bakin kogin Contoocook. George Shattuck Morison, injiniyan da ya yi suna wajen gina manyan gadoji, shi ya tsara shi. Abbot bai ga wannan rana ba, ya rasu tun 1859. An yi ƙari a jikin ginin a 1957 da 1978, daga baya waɗannan ƙarin suka tsufa, aka rushe su, aka bar tsohon ginin, aka jona masa sabo mai faffaɗan tagogi. Gari ya ba da nasa kason ta hanyar ƙuri'a kamar yadda aka yi a 1833, masu hali da marasa hali suka cika sauran da gudummawa, aka sake buɗewa a 2021.

Yanzu akwai kwamfutoci da intanet da ɗakunan taro da sashen yara. Da yammacin Janairu, lokacin da duhu ya rufa kuma gefen kogin ya daskare, mai tsallaka gada yakan hango fitilun laburaren a kunne. A ciki za a tarar da tsoho yana duba jarida bai cire hular ulu ba, da 'yan makaranta suna aikin gida kafin iyaye su tashi daga aiki, ga jiƙaƙƙun safofin hannunsu a ajiye gefen tebur.