Wasan Fayif a Makarantun Arewa: Daga Birnin Kebbi zuwa Kwalejin Barewa

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ilmin boko a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga abin da ya gudana a cikin aji, watau darussa da littattafai da harshen koyarwa. Abin da ya gudana bayan la'asar, sa'ad da aka rufe littattafai aka fita fili, ba kasafai ake waiwayarsa ba, alhali kuwa Turawan da suka kafa makarantun nan ba su ɗauki wasa da wasa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi wasa guda ɗaya, wanda Turawa ke kira Fives, mu kuma za mu rubuta shi fayif. Za a bi sawunsa daga Ingila zuwa Birnin Kebbi, sa'an nan a ga yadda Kwalejin Katsina ta raine shi, da kuma irin gadon da ya bari a hannun ɗaliban da suka zama shugabannin Jihar Arewa.

Asalin wasan da yadda ake yin sa

Irin fayif da ya iso Nijeriya shi ne na makarantar Eton, wadda Sarki Henry na Shida ya kafa a 1440, kuma ta shahara da tarbiyyar 'ya'yan manyan Ingila. Wasan ya samo asali ne a gindin cocin makarantar, inda yara kan tsaya suna buga ƙwallo da hannu a jikin bango, tsakanin ginshiƙai biyu da ke tokare da ginin. A 1840 aka gina filayen farko na musamman domin wasan, aka kuwa kwaikwayi siffar wurin nan na asali har da cikasunsa. Saboda haka filin fayif yana da bango uku, na gaba da na dama da na hagu, bayansa a buɗe. Akwai 'yar matakala da ta raba daɓen gida biyu, sashen gaba ya ɗara na baya tudu, sa'an nan akwai wani guntun gini da ya turo kai daga bangon hagu, wanda idan ƙwallo ta same shi sai ta karkace ta nufi inda ba a zata ba.

Mutum huɗu ke yin wasan, biyu na karawa da biyu. Da tafin hannu ake bugun ƙwallo, kuma wajibi ne ta sami bangon gaba a saman wani layi kafin ta faɗi ƙasa sau biyu. Waɗanda suka riga kai maki 12 su ne suka ci zagayen. Amma babban abin da ya bambanta fayif da sauran wasanni shi ne ba a sa masa alƙali. Ɗan wasa shi zai faɗa da bakinsa cewa ƙwallo ta riga ta faɗi sau biyu kafin ya kai mata hannu, ko kuwa ya tare wa abokin karawarsa hanya. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin bayanin da zai biyo baya.

Shigowarsa Birnin Kebbi

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Birnin Kebbi ta zama mazaunin ma'aikatansu a yammacin lardin, kuma Sarkin Gwandu Haliru, wanda aka naɗa a 1906, ya mai da ita hedikwatar masarauta. Ta haka garin ya sami makarantar boko tun da wuri. Masu tarihin wasan sun tafi a kan cewa wani jami'in ilmi mai suna S. J. Hogben, wanda ya yi koyarwa a Birnin Kebbi da Katsina cikin shekarun 1920, shi ya kawo fayif Nijeriya. Manazarta sun fi sanin Hogben ta wata fuska dabam, domin shi ne ya wallafa littafin tarihin masarautun Arewa a 1930, wanda aka faɗaɗa aka sake bugawa a 1966 tare da A. H. M. Kirk-Greene.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa fayif ya kama ƙasa, alhali kurket, wanda shi ma an koyar da shi a makarantun nan, bai yi irin wannan saiwa ba? Amsar tana ga sauƙin kayan aiki. Kurket na bukatar fili mai faɗi, shararre, da sanduna da sauran kaya waɗanda sai an yi odarsu daga Ingila, ga kuma mutum 22. Fayif kuwa bango uku ne da ƙwallo ɗaya da mutum huɗu. Ginin bango ba baƙon abu ba ne ga maginan ƙasar Hausa, waɗanda suka gaji ginin ganuwa da soraye da tubali. Daɗin daɗawa, da aka ga ƙwallon Ingila mai tauri tana ɓarke jikin bangon ƙasa, sai aka koma ga ƙwallon tanis, kuma da ita aka san fayif na Nijeriya har yau. Ke nan tun daga farko wasan ya saje da ƙasar da ya sauka.

Kwalejin Katsina da manufar wasanni

An fara karatu a Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a 1922. An kafa ta ne domin horar da malamai Musulmi waɗanda za su koyar a makarantun larduna. Ɗalibanta 'yan kaɗan ne, zaɓaɓɓu daga kowane lardi, da yawansu 'ya'yan sarakuna da hakimai da alƙalai da malaman fada. Malamanta Turawa sun taso ne a makarantun kwana na Ingila, inda aka yi imani cewa a filin wasa ake gyara halin yaro, a koya masa juriya da biyayya ga doka da haɗiye fushi idan an ka da shi. Wannan aƙida ta dace da bukatar mulkin En'e, wanda ke neman ma'aikatan da za a bar wa baitulmali ko kotu ko makaranta ba tare da Bature ya tsaya a kansu kullum ba. Wasan da ba shi da alƙali, wanda mutum ke ba da shaida a kan kansa, ya zama darasi a aikace na irin amanar da ake nema.

Ya kamata a lura cewa ƙasar ba ta rasa wasanninta ba kafin zuwan Turawa. Akwai kokawa da dambe da langa da dara, kuma a ƙasar Kabi akwai wasannin ruwa na kabanci. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, ya zama dandalin irin waɗannan wasanni. Amma dambe sana'ar mahauta ce a al'ada, kokawa kuma ta samarin karkara ce bayan kaka, don haka ba a ga sun dace da wanda ake shiryawa domin sarauta ko aikin ofis ba. A Katsina, Sarki Muhammadu Dikko ya rungumi wasan folo cikin shekarun 1920, ya zama wasan 'ya'yan sarki masu dawaki. Fayif ya zauna a tsakani, ya zama wasan malamin makaranta da akawu da ɗan boko. Ta wannan hanya wasa ya shiga cikin alamomin da ake gane ajin mutum da su.

Ɗaliban da suka yaɗa shi

Hanyar da wasan ya bi ya bazu ita ce hanyar da ɗaliban suka bi. Wanda ya gama Katsina akan mai da shi lardinsa ya koyar, musamman bayan da aka kafa makarantun Midil a farkon shekarun 1930. Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa a ta Bauci, Ahmadu Bello kuma a ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. Malami kan tafi da abin da ya koya a aji da wanda ya koya a fili, don haka filayen fayif suka tashi a manyan garuruwan larduna.

Ba a taɓa tarihin fayif a Arewa ba tare da an ambaci Ahmadu Bello ba. Ya yi karatu a Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya gwanance a wasan, ya kuma ambace shi a littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962. Bai bar shi ba bayan ya zama Sardauna a 1938, kuma a zamanin da yake Firimiya, watau 1954 zuwa 1966, ya ziyarci Eton ya buga wasan a mahaifarsa. Abin da shugaba ke so kuwa shi mabiya ke so, saboda haka fayif ya sami gata a Kaduna, ministoci da manyan ma'aikata suka riƙa halartar filinsa. Babbar gasar fayif ta ƙasar nan ana kiran ta Kofin Sardauna domin tunawa da shi.

Ita kuwa kwalejin ta tashi daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, daga nan zuwa Zariya a 1949, kuma a 1971 aka tabbatar mata da sunan Barewa. Mutum biyar da suka shugabanci Nijeriya sun bi ta cikinta: Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Shagari, wanda ya yi karatu a can lokacin tana Kaduna, ya riƙe hedimastan makarantar firamare a Argungu a farkon shekarun 1950, kafin siyasa ta ɗauke shi. Wannan misali ne na yadda kwaleji guda ta riƙa ɗaukar yara daga kwarin Rima tana mai da su malamai, daga malanta kuma su haye kujerar mulki.

Auna gadon

Idan aka zo auna abin da wannan tarbiyya ta haifar, wajibi ne a dubi fuska biyu. Ta fuskar farko, ta haɗa 'ya'yan larduna waɗanda da ba su san juna ba. Babarbare kamar Kashim Ibrahim da Banufe kamar Aliyu Makaman Bida da Basakkwace kamar Ahmadu Bello sun fito daga gida ɗaya na karatu, kuma da aka zo kafa gwamnatin Jihar Arewa, wannan zumunci ya sauƙaƙa musu aiki tare. Kashim Ibrahim ya zama Gwamnan Arewa a 1962, Makama ya riƙe ma'aikatar kuɗi, Isa Kaita kuma ya riƙe ta ilmi.

Ta fuska ta biyu, da'irar ƙarama ce ƙwarai. Ɗan talaka da bai sami shiga ba ya tsaya a bayan bango, 'ya'ya mata kuwa ba a ma sa su a lissafi ba. Wasan da mutum ke yi wa kansa alƙalanci yana tafiya daidai ne tsakanin tsararraki da suka san juna suke jin kunyar juna. Mulkin jama'a mai yawa yana bukatar alƙali na waje, watau kotu da jarida da 'yan hamayya, kuma wannan darasi ba a filin fayif ake samun sa ba. Ba abin mamaki ba ne da masu sukar tsarin suka fito daga cikin gidan: Sa'adu Zungur ɗalibin Katsina ne, Aminu Kano kuma ɗalibin Kaduna, kuma su ne suka fi kowa matsa wa mulkin En'e lamba, musamman bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Ƙanƙantar da'irar ta sake bayyana a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda ya ci rayukan Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Birgediya Zakariya Maimalari, dukkansu 'ya'yan makaranta ɗaya.

Bayan rasuwar Sardauna da rarraba Jihar Arewa a 1967, fayif ya rasa babban majiɓincinsa. Makarantun sakandare sun yawaita, ƙwallon ƙafa ta mamaye zukatan samari, ƙwallon kwando kuma ta buɗe wata ƙofa da fayif ba shi da ita, domin ba ya cikin wasannin Olamfik kuma ba a cin abinci da shi. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya bi ta ƙwallon kwando har ya jagoranci ƙungiyar Toronto ta Kanada ta ci kofin Amurka a 2019. Duk da haka fayif bai mutu ba. Ana ci gaba da buga shi a Katsina da Birnin Kebbi da Sakkwato da wasu biranen Arewa, kuma ya fita daga harabar makaranta ya koma kulob-kulob na cikin gari, inda 'yan kallo kan taru fiye da yadda aka saba gani a Ingila.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa fayif ya shigo ne a matsayin kayan tarbiyyar masu mulki, ya sami karɓuwa saboda sauƙinsa, ya bunƙasa a hannun tsofaffin ɗaliban Katsina, daga bisani ya zama na jama'ar gari. Akwai aiki a gaban ɗaliban ilmi, musamman na Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991. Ya dace a zauna da dattawan 'yan wasa na Birnin Kebbi a naɗi bayaninsu tun suna raye, a tattara kalmomin da suke amfani da su a fili domin a ga yadda Hausa ta hausantar da na aro ta kuma ƙirƙiri nata, a auna tsofaffin filayen a ɗauki hotunansu kafin a rushe su a gina shaguna. Tsohon ginin Kwalejin Katsina ya tsira domin an mai da shi gidan tarihi. Filayen da ɗalibanta suka gina a larduna su ma sun cancanci irin wannan kulawa.