Sakin Layi da Jar Tawada: Tarihin Koyar da Insha'in Ingilishi a Makarantun Arewacin Nijeriya

Abubuwa biyu ake nema daga ɗalibin da za a ce ya iya insha'i da Ingilishi. Na farko, ya iya kasa tunaninsa cikin sakin layi, kowane sakin layi da maganar da ya ɗauko. Na biyu, idan ya gama ya iya komawa ya bi abin da ya rubuta, ya tsamo kurakuransa da kansa kafin wani ya tsamo masa. Littattafan koyarwa sukan jera waɗannan abubuwa biyu wuri guda kamar tagwaye, amma tarihi ya nuna ba tare suka zo ba. Sakin layi ya shigo ajin Arewa a makare, kuma ta ƙofar jarrabawa ya shigo. Shi kuwa duba rubutu, ko da yake ƙasar Hausa ta san shi tun kafin zuwan Turawa, bai taɓa shiga hannun ɗalibin boko sosai ba. Ya tsaya a bakin alƙalamin malami.

Asalin sakin layi

Yana da kyau a fara da tuna cewa su kansu Turawa ba su daɗe da mayar da sakin layi darasi ba. Girkawan da can wani ɗan gajeren layi suke ja a gefen takarda don nuna inda magana ta sauya. Daga baya marubutan Turai suka riƙa sa wata alama da jar tawada a wurin. Da aka fara ɗab'i a ƙarni na 15, sai masu buga littafi suka riƙa barin fili a farkon layi don mai jar tawada ya zo ya cike da hannu. Da aiki ya yi yawa aka daina cikewa, filin ya zauna, shi ne ɗan gurbin da ake bari har yau. Amma mutumin da aka fi jingina wa ƙa'idojin sakin layi shi ne Alexander Bain, shehun malamin manɗiƙi a Jami'ar Aberdeen, wanda ya fitar da littafinsa English Composition and Rhetoric a 1866. A ciki ya kafa dokoki shida. Biyu daga cikinsu su ne suka fi yawo a duniya: sakin layi ya tsaya kan batu guda, kuma jimlar farko ta bayyana wannan batu, sai fa idan share fage take yi. Tsakanin fitowar littafin Bain da buɗe makarantar Nasarawa ta Kano, wadda Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya kafa a 1909, shekara 43 ce kawai.

Abin da aka tarar a zaure

Littattafan Larabci da na ajami da aka kwafa a ƙasar Hausa ba su da sakin layi irin na Bature. Rubutu yakan cika shafi daga sama har ƙasa, sai dai a rubuta kalmomi irin su babi da fasali da mas'ala da jar tawada ko da kaurin alƙalami, domin mai karatu ya san an shiga sabuwar magana. Rarraba tunani yana nan ke nan. Siffarsa ce a kan takarda ta bambanta.

Wajen duba rubutu kuwa, malaman zaure sun yi nisa. Idan an kwafi littafi ba a amince da shi sai an yi muƙabala, watau ɗaya ya riƙe asali, ɗaya ya riƙe kwafi, ana karantawa ana kwatantawa. Kalmar da aka tsallake akan rubuta ta a gefe, a bi ta da alamar sahha don a nuna gyara ne ingantacce. Da yake littattafan warƙa-warƙa ne ba a ɗinke su, sai a rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, don kada jeri ya rikice. Haka nan almajirin da ya rubuta allonsa yakan kai shi a yi darasu, a bi shi harafi bayan harafi, wasali bayan wasali, kafin ya fara hadda. Abin lura a nan shi ne wanda ya yi rubutun yana zaune ake gyaran, da bakinsa da kunnensa da idonsa duk a ciki. Makarantar boko ba ta ari wannan al'ada ba, ga alama ma ba ta lura da ita ba.

Daga Katsina zuwa makarantun midil

Makarantar Ɗan Hausa da na elementare da suka biyo bayanta da Hausa suke koyarwa. Ingilishi ya sami gindin zama ne a Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Abin da kwalejin ta yi suna a kai shi ne lafazi. An horar da ɗalibai su furta Ingilishi kamar yadda masu ilmin Ingila suke furta shi, kuma duniya ta shaida sakamakon wannan horo a bakin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sa'an nan aka kafa makarantun midil a farkon shekarun 1930, inda Ingilishi ya zama harshen koyarwa ga yaron da ya taso da Hausa.

Littattafan da suka yi tashe a ƙasashen mulkin Ingila a wannan zamani sun dogara ne a kan ƙayyade kalmomi. Michael West ya tsara New Method Readers daga binciken da ya yi a Bengal ta ƙasar Indiya a shekarun 1920, bisa ra'ayin cewa karatu shi ne babbar bukatar ɗan ƙasar da ake mulka. Lawrence Faucett ya fitar da Oxford English Course a 1933, F. G. French kuma ya biyo baya da nasa jerin. A duk waɗannan, ma'aunin darasi kalma ce da jimla. Rubutu kuwa shifta ne, da cike gurbi, da sauya jimla daga wannan siga zuwa waccan, da sake ba da labarin da malami ya karanta. Daga nan sai a tsallaka a ce wa yaro ya rubuta shafi guda a kan ranar kasuwa ko hawan salla. Matakin da ke tsakanin jimla da cikakken insha'i, watau sakin layi, shi ne wanda aka fi bari yaro ya laluba da kansa.

A nan ne kuma al'adar jar tawada ta kafu. Malami ya kwashi littattafai ya tafi da su gida, ya ja layi ƙarƙashin kowane kuskure, ya rubuta daidai a sama, ya sa maki. Washegari yaro ya kwafe gyaran a ƙasan shafi. An kira wannan gyara, amma a gaskiya kwafi ne: idon da ya gano kuskuren na malami ne, shi ne kuma yake ƙara gwaninta kullum.

Zariya

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci akwai wurin da 'yan Arewa suke koyon sana'ar gyaran rubutu da gaske, sai dai ba aji ba ne, kuma ba da Ingilishi ba ne. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta zama Hukumar Talifi a 1933 ƙarƙashin Dr. R. M. East a Zariya. Gasar rubutu ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, kuma East ya sa hannu ƙwarai wajen tace su kafin a buga. Abubakar Imam, tsohon ɗalibin Katsina, ya zauna tare da shi a Zariya lokacin rubuta Magana Jari Ce, sa'an nan ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a watan Janairu 1939. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka sami maɗaba'a inda aikin wasu ma'aikata kullum shi ne karanta gwajin bugu, su kwatanta shi da rubutun asali, su sa alamun gyara a gefe. Wannan kuwa muƙabala ce da injin. A hannun waɗannan mutane zuben Hausa na boko ya sami sakin layi da aya da waƙafi da alamar zancen wani. Saboda haka ana iya cewa yaro Bahaushe na shekarun 1940 da 1950 ya fi ganin kyakkyawan sakin layi a littafinsa na Hausa fiye da yadda aka bayyana masa shi a darasin Ingilishi.

Ƙofar jarrabawa

Abin da ya tilasta wa malamai kula da sakin layi shi ne takardar shaidar gama sakandare. A tsarin Cambridge, wanda Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma ta gada bayan kafa ta a 1952, wanda ya faɗi Ingilishi ya rasa takardar baki ɗaya, ko da ya ci sauran fannoni. A 1964 D. W. Grieve ya miƙa wa hukumar rahotonsa, inda ya nuna ana jarraba yaran Afirka ta Yamma kamar Ingilishi harshensu ne na gado, alhali harshe na biyu ne gare su. Daga shawarwarinsa aka shigo da tambayoyin zaɓi a kan kalmomi da ginin jimla, aka kuma sauya fasalin tambayar taƙaitawa. Tsarin maki na insha'i da malamai suka saba da shi daga baya ya kasa maki 50 gida huɗu: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu, inda ake cire rabin maki a kan kowane kuskuren nahawu ko haɗa baƙi ko alamar rubutu. Kuskure 20 ya cinye gidan na ƙarshe ke nan.

Gidan tsari shi ya ba sakin layi daraja, amma ya mayar da shi siffa: gabatarwa, sakin layi uku ko huɗu, kammalawa. Ɗalibai da yawa sun koyi barin gurbi bayan kowane layi biyar ko shida ko da tunani bai sauya ba. Gidan tsabtar rubutu kuwa yana hukunta ɗalibi ne a kan abin da ba a koya masa ba. Kurakuran Bahaushe sanannu ne, ana iya lissafa su. Hausa ba ta bambanta p da f. Ba ta da wakilin suna na abin da ba namiji ba ba mace ba, don haka riga da mota sukan zama she. Mafi muhimmanci, jimla irin «ya tashi, ya yi alwala, ya tafi masallaci, aka yi salla» Hausa ce tsantsa, amma idan aka jera cikakkun jimloli haka da waƙafi kawai a Ingilishi, mai duba jarrabawa zai zagaye kowane waƙafi. Yaron da aka ba wannan ɗan jeri, aka ce ya bi rubutunsa sau ɗaya yana neman abu ɗaya kawai, zai iya ceto makinsa da kansa.

Binciken da aka yi a Amurka ya ƙara dagula abin da ake ɗauka tabbatacce. Robert Kaplan ya duba ɗaruruwan insha'in ɗalibai baƙi, ya ce a 1966 kowace al'umma da yadda take jera tunani, har ya ce masu Larabci sun fi son jimloli masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. An soki zane-zanensa da cewa sun sauƙaƙa al'amari fiye da kima, shi ma ya sassauta daga baya, amma ya buɗe tambayar da ta shafi Hausa kai tsaye. A 1974 Richard Braddock ya bincika maƙaloli 25 na ƙwararrun marubutan Ingilishi, ya tarar kashi 13 cikin 100 ne kawai na sakin layinsu na bayani suka fara da jimlar da ke ɗauke da batu. Dokar Bain dai sanda ce ta mai koyon tafiya, tana da amfani, amma ba siffar tafiyar gwanaye ba ce. A 1996 John Truscott ya yi da'awar cewa gyaran nahawu da malami yake yi a rubutun ɗalibi ba ya amfanar da shi, Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999. Daga wannan muhawara aka ƙara mai da hankali ga gyara ta hanyar ishara, watau malami ya sa alama a gefen layi ya bar ɗalibi ya nemo kuskuren, da kuma musayar littattafai tsakanin ɗalibai biyu su duba wa juna.

Kafin waɗannan ra'ayoyi su iso, ajin Nijeriya ya riga ya sauya. Shirin ilmin firamare ga kowa da aka fara a watan Satumba 1976 ya yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka zo, kuma bayan shekara shida wannan ambaliya ta isa sakandare. Tsarin jar tawada an gina shi ne a kan ƙananan azuzuwa irin na midil, inda malami zai iya bin kowane layi na kowane yaro a mako. Da littattafai suka fi ƙarfin malami, abin da aka rage shi ne yawan insha'in da ake ba ɗalibai.