Mafarkin Fir'auna: Gargaɗin Yunwa Kira Ne a Tashi a Yi Tanadi

A babi na 41 na Littafin Farawa, Fir'auna ya yi mafarki sau biyu a dare ɗaya. Ya ga shanu bakwai masu ƙiba sun fito daga Kogin Nilu, wasu ramammu bakwai suka lamushe su, sannan ya ga busassun zangarniyoyi bakwai sun haɗiye kyawawa bakwai. Da abin ya gagari bokayen Masar, aka ɗauko Yusufu daga kurkuku yana ɗan shekara 30, ya ce shekara bakwai na yalwa na tafe, bakwai na yunwa na biye. Musulmi ma sun san wannan ƙissa daga Suratu Yusuf. Abin lura shi ne Yusufu bai tsaya a fassara ba. Nan take ya ba da shawara a naɗa wakilai, a riƙa karɓar humusin amfanin gona ana zubawa a rumbunan birane. A wannan al'ada, ana nuna wa mai mulki yunwa tun da sauran lokaci ne domin ya yi shiri, kuma alhakin rayukan talakawa na wuyansa.

Masu suka na cewa littafin bai ambaci sunan Fir'aunan ba, kuma ba a sami sunan Yusufu a rubuce-rubucen Masar ba. Haka ne. Sai dai fargabar da labarin ya ginu a kanta ba ƙirƙira ba ce, domin a wancan zamani abincin Masar ya dogara ne da ambaliyar Nilu. A tsibirin Sehel, kusa da Aswan, akwai rubutu a jikin dutse da ke ba da labarin yunwar shekara bakwai a zamanin Sarki Djoser, wanda shi ma aka ce a mafarki aka yi masa albishir da dawowar ruwa.

Sukar da ta fi nauyi tana cikin babi na 47: Masarawa sun sayi hatsin da kuɗinsu, da dabbobinsu, har da gonakinsu da kawunansu, ƙasar ta koma hannun Fir'auna ban da ta firistoci. Littafin bai ɓoye wannan ba, kuma ya nuna cewa mai riƙe da makullin rumbu yana iya mallake mayunwata. Babi na 11 na Ayyukan Manzanni ya nuna wata hanya. Da Agabus ya yi annabcin yunwar da ta auku a zamanin Kalaudiyus, sarkin Rum daga 41 zuwa 54 miladiyya, masu bi a Antakiya suka tara gudummawa, kowa daidai ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu.

Don haka ma'aunin irin wannan wahayi shi ne abin da aka yi da shi. Shugaban da aka gargaɗa da fari ya bar rumbu wayam, ko ya cika shi don ya ci gumin mayunwata, ba shi da hujjar fakewa da ƙaddara.