Tarihin Dutsen Da Ke Tace Murya A Iska

Yau za mu ɗan jingine labarin soyayya mu leƙa tarihi. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ta Sandamu zai ga dogayen ƙarafan sabis, a jikinsu an maƙala wasu abubuwa kamar ganga. Su ne ke jefa wa juna maganganunmu ta gajerun igiyoyin iska da ake kira maikurowef. To iskar nan cike take da muryoyi, ya ake tsamo guda ɗaya a bar saura?

Iyayenmu sun san amsar a yatsunsu. A ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara magana da Hausa, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Mutum ya murɗa akwatinsa, wasu faya-fayan ƙarfe su shige cikin juna, tasha ɗaya ta fito, saura su yi gum. Amma in igiya tana kaɗawa sau biliyoyi a daƙiƙa guda, wannan dabara ba ta kai labari.

A 1956 Bertaut da Forrat, masana a garin Grenoble na Faransa, suka bayyana sirrin wani dutse da ake haɗawa a ɗakin bincike daga ƙarfe da sinadarin itiriyom, ana ce masa YIG. A 1957, shekarar da kakanninmu suka fara jin Landan da harshensu, L. R. Walker na Bell a Amurka ya fitar da lissafin igiyoyin maganaɗisun da ke kaɗawa a cikin irinsa. Damon da Eshbach suka ƙara nasu a 1961.

Ga yadda abin yake. Ana goge dutsen ya zama ɗan dunƙule, bai kai ƙwayar gero ba. In aka sa shi a tsakanin maganaɗisu, ƙananan ƙwayoyin cikinsa sai su shiga juyi kamar katantanwar yara. Igiyar da saurinta ya dace da juyin ita kaɗai ke wucewa. A ƙara wa maganaɗisun wuta juyin ya ƙaru, tashar ta canja, babu murɗa komai. Ni dai a ganina wannan ya fi tatsuniya ban mamaki.

Sojoji da masu na'urar hango jirage ne suka fara morarsa, sai injiniyoyi masu auna iska. Bai shiga wayar hannu ba ko da GSM ta iso Nijeriya a 2001, domin maganaɗisunsa ƙato ne, ga shan wuta kamar me. Sai aka cika wayoyi da ƙananan matatai barkatai, kowacce da zangonta guda, kuma duk sabon zango sai an nemo wa tasa matatar wuri.

A 2024 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania suka fito da wata 'yar matata ta wannan dutse, mai kamawa daga gigahaz 3.4 zuwa 11.1, wadda ba ta shan wuta sai lokacin canja zango. Sabis ɗin 5G da MTN ta buɗe a 2022 yana kan 3.5 ne, wato a cikin zangon da take kamawa.