Gadar Kenedi: yadda Yamai ta haye kogi

Yau za mu ba ku tarihin gadar farko ta birnin Yamai.

Da can, garin yana gefe guda ne na kogin Isa. Wanda ke son zuwa Lamorde, ko Sayi, ko ƙasar Hot-Bolta, wadda yanzu ake kira Burkina Faso, sai ya jira jirgin fito ko ya shiga kwalekwale. A lokacin sanyi, sa'ad da ruwan duwatsun Gine ya iso, kogin yakan cika ya yi faɗi. Manomi da kayan lambunsa, mace da tallarta, mai kai maras lafiya asibiti, kowa sai ya zauna bakin gaɓa har ɗan fito ya shirya.

A zamanin shugaba Jori Hamani aka gina gada da taimakon kuɗin Amurka, aka buɗe ta a 1970. Tsawonta mita 710 ne. Aka sa mata sunan Kenedi, shugaban Amurka da aka kashe a 1963. Tsakiya ta motoci ce, dama da hagu kuwa aka bar wa masu tafiya a ƙasa wurinsu.

Wannan ɗan wuri ya yi babban aiki, domin a lokacin masu mota kaɗan ne. Masu ƙafa, da masu keke, da jakuna, da raƙuma ɗauke da itace, su suka cika gadar tun da asuba. Ƙetaren da Zabarmawa ke kira Harobanda, wato bayan ruwa, ya cika da gidaje. Nan aka zaunar da jami'ar ƙasa, wadda ta samu sunan jami'a a 1973.

Gadar ta ga ranar baƙin ciki. Ran 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka taso daga jami'a da ƙafa za su shiga gari da kokensu. Aka buɗe musu wuta a gadar, uku suka rasu. Abin da ya faru ran nan yana cikin dalilan da suka kai ƙasa ga babban taron 1991.

Shekara 40 gada ɗaya ke ɗauke da gari duka, har cunkoso ya matse mai keke tsakanin motoci. Sai a 2011 aka buɗe ta biyu da taimakon ƙasar Sin, a 2021 kuma ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce.

To, jama'a, in an zo da zancen gada a gulbinku, ko a Maraɗi ko wani wuri, ku tambayi masu aikin: ina mai ƙafa da mai keke za su bi? Ku yi tambayar tun ba a zuba siminti ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.