Ratal: Ma'aunin da ya Zama Kuɗi a Kan Iyakar Barno

Tarihin kuɗi a ƙasashe da dama daga ma'auni ya faro. A ƙasar Sin, alal misali, akwai wani awo mai suna liyan, wanda Turawa ke kira tayil, nauyinsa wajen giram 37. Da shi ake auna curin azurfa a biya haraji ko bashi, har shekarar 1933 da gwamnati ta soke shi ta tsayar da yuwan. Irin wannan ya faru a daular Barno, wadda ƙasar Gumel ke ƙarƙashinta a ƙarni na 19, watau har da yankin Sule Tankarkar, da Maigatari, da Gagarawa na yau.

Ma'aunin Barno shi ne ratal, kalmar Larabci mai nufin wani awon nauyi. Asalinsa awon jan ƙarfe ne. Da Bature Barth ya ratsa Gumel a 1851 ya isa Kukawa, ya tarar an daɗe da barin ciniki da jan ƙarfen, amma sunan na nan a bakin 'yan kasuwa. Ana lissafin ƙyallen saƙi huɗu, waɗanda ake kira gabaga, a matsayin ratal guda; da wuri ya shigo kuma, sai wuri 32 suka zama ratal. Babban ciniki kuwa da liyari ake yinsa, watau kuɗin azurfa na Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Teresa da shekarar 1780, wanda a Kano ake canzawa wuri 2,500.

To, a nan ne matsalar take. Muddin ratal nauyin ƙarfe ne, sikeli ke raba gardama. Da ya zama suna kawai, sai darajarsa ta koma hannun masu iko. Barth ya lura cewa yawan ratal ɗin da ke cikin liyari guda yakan hau ya sauka gwargwadon bukatar manyan Kukawa. Bafataken da ya ɗauko kanwa zuwa kasuwar Gumel, inda lissafin Barno ke haɗuwa da na Kano, shi ne ke ɗaukar asarar wannan hawa da sauka.

Mulkin Ingilishi ya kawo fam da sule, aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912. Shi ma fam asalinsa awon azurfa ne a Ingila. Bayan zuwan naira a 1973, mutane suka ci gaba da kiran naira biyu fam, kobo goma sule. Ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in wuri ce.

Ashe sunan kuɗi ya fi ƙarfensa tsawon rai. Abin da ke riƙe darajarsa shi ne amanar hukumar da ke tsayar da ita, kuma in amanar ta yi rauni, talaka ne ke fara ji a jikinsa.