Kula da Jarirai da Auna Girman Ƙananan Yara

'Yan'uwa, jariri ba ya iya faɗin inda yake masa ciwo. Saboda haka ma'aikatan jinya suna duban abubuwa biyu don su san halin da yake ciki. Na farko shi ne girman jiki, wato nauyi da tsawo da kewayen kai. Na biyu kuma shi ne abin da ya fara iyawa, kamar murmushi, zama, tafiya da magana. Duka biyun ana binsu ne wata bayan wata, domin awo guda ɗaya ba ya nuna ko yaro yana ci gaba ko ya tsaya.

Kwanakin farko

Wata na farko shi ne mafi haɗari a rayuwar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Dakashi, nonon farko mai kauri da wasu suke matsewa su zubar, shi ne yake ɗauke da garkuwar jiki, don haka a ba shi. Daga nan sai nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ko da a zafin bazara. Bayan wata 6 a fara kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, a ƙara ƙwai da kifi da ganye, a kuma ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye.

Cibiya tana son tsabta. A sa mata maganin da asibiti ya bayar, wanda ake kira kulohesidin, kada a shafa toka, man goge baki ko man ƙaɗe. Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, ko bakwaini, yana saurin yin sanyi. A ɗaura shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a rufe shi da zane. An fara wannan dabara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalaben ɗumama jarirai suka yi ƙaranci. Cire beli kuwa ba ya maganin komai, yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Katin awo

Wannan kati da iyaye mata suke kaiwa asibiti yana da tarihi a ƙasarmu. A ƙarshen shekarun 1950, likita David Morley, wanda ya yi aiki da asibitin Wesley Guild na ikkilisiyar Metodis a Ilesha, ya riƙa bin girman yara a garin Imesi-Ile. Daga aikinsa aka sami katin da ya bazu a ƙasashe da yawa. Manufarsa ita ce katin ya zauna a hannun uwa, ita ma ta iya ganin layin ɗanta.

Jariri yakan rage nauyi kaɗan a kwanakin farko, ya mayar cikin mako 2. Wajen wata 5 nauyinsa yakan ninka na haihuwa sau biyu, a shekara 1 kuma kusan sau uku. Abin dubawa a katin shi ne inda layi ya nufa. In yana hawa, lafiya lau. In ya miƙe wata biyu ko uku a jere, akwai abin bincike. In ya fara sauka, a ga ma'aikacin lafiya nan da nan. Ƙaramin yaron da layinsa yake hawa ya fi ƙaton da layinsa ya tsaya kwanciyar hankali.

Daga wata 6 zuwa shekara 5 ana kuma auna damtse da wani zare mai launi uku. Kore, daga santimita 12.5 zuwa sama, lafiya ne. Ɗorawa, tsakanin 11.5 da 12.5, gargaɗi ne. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani. Haka ma kumburin ƙafafu biyu, ko da yaron yana kama da mai ƙiba.

Matakan ci gaba

Wajen wata 2 jariri yana murmushi in an yi masa wasa, yana bin fuska da ido. A wata 4 wuyansa ya tsaya. Tsakanin wata 6 da 9 yana gwaranci, yana juyowa in an kira shi. Wajen shekara 1 yakan fara kalma ɗaya ko biyu, a shekara 2 kuma yana haɗa kalmomi biyu, kamar ya ce a ba shi ruwa.

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin girman yara bayan bincike a ƙasashe shida, har da Gana. Ya nuna cewa yara masu lafiya suna zama da kansu tsakanin wajen wata 4 da wata 9, suna tafiya su kaɗai tsakanin wajen wata 8 da wata 18. Wasu ma ba sa rarrafe ko kaɗan, sai su miƙe su yi tafiya. Saboda haka kada uwa ta tayar da hankali don ɗan maƙwabciya ya riga nata. Bakwaini kuma ana lissafa masa ne daga ranar da ya kamata a haife shi.

Amma a kai yaro a duba shi in bai zauna ba a wata 9, bai yi tafiya ba a wata 18, ba ya razana da ƙara, ba ya haɗa ido da mutane, jikinsa ya saki ko ya sandare, ko kuwa ya daina abin da ya riga ya iya. Sau da yawa jinkirin magana daga kunne yake. Idan an gano da wuri, gashin ƙashi da koyar da magana da na'urar ji suna taimakawa ƙwarai.

Rigakafi

A Nijeriya ana fara rigakafi ranar haihuwa, da na tarin fuka, shan inna da ciwon hanta. A koma a mako 6, 10 da 14. A wata 9 akwai na ƙyanda, shawara da sanƙarau, a wata 15 kuma a maimaita na ƙyanda. In an tsallake wani, ba a sake farawa daga farko, sai a ɗora daga inda aka tsaya.

Alamun da ba a kwana da su

A garzaya asibiti, ko da dare ne, in jariri ya ƙi nono, ya yi jijjiga, jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, cibiya ta yi ja tana ruwa, ko shawara ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu da ƙafa. A ƙirga numfashi na minti ɗaya cikakke yayin da yaron yake natse. Sau 60 ko fiye ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa shekara 1, 40 daga shekara 1 zuwa 5, duk alamar ciwon huhu ne. Maɗigar da ta faɗa lokacin gudawa tana nuna ruwan jiki ya ƙare. Maganinsa ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki, tare da ci gaba da nono.

Rabonmu a ciki

Wannan aiki ya fi ƙarfin uwa ita kaɗai. Maigida ya san ranar awo, ya tanadi kuɗin mota tun kafin ranar. Kakanni su goyi bayan nono zalla. 'Yan zumuntar mata da suke zuwa barka su tambayi mai jego ko jariri yana kama nono, su kuma nemi ganin kati. In yaro ya yi jinkiri, kada mu ɗora wa uwarsa laifi, kada kuma a ɓoye shi a ɗaka saboda bakin mutane. Mu yi masa addu'a, mu kuma raka iyayensa asibiti tun da sauran lokaci.